Ƙarfin Aro: Shaye-shaye a Ƙasar Gumel

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

MAI GABATARWA:  Ina gaida mutanen Gumel ta Lautai, da na Maigatari bakin iyaka, da na Gagarawa, da na Sule Tankarkar. Gaisuwa ga mai sauraronmu a Ɗanzomo ko Jeke, a Galadi ko Jajeri, a Medu ko Madaka, da 'yan'uwanmu na ƙasar Damagaram waɗanda muryarmu ke tsallaka iyaka ta iske su.

Yau maganarmu a kan shaye-shaye ce. Da an ambaci shaye-shaye, hankalin mutum yakan tafi kan yaron nan mai jajayen idanu da ke zaune a kango bayan gari. Yana cikin maganar, amma shi ya riga ya yi nisa. Ni farkon hanyar nake so mu duba tare, domin a ƙasarmu sau da yawa da sunan maganin gajiya ƙwaya take yin sallama, kuma hannun wanda aka sani ne yake miƙa ta.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san irin aikin ƙarfin da ake yi a wurin. Tun daren Laraba ake shigowa da shanu da raƙuma da tumaki. Ga masu koro dabbobi a ƙafa, ga masu riƙe igiyar bijimi, ga 'yan lodi masu tura shanu cikin tirela, ga 'yan dako masu sungumar buhunan riɗi da zoɓo, ga direban da zai kwana yana tuƙi zuwa kudu shi da yaron motarsa. In damina ta sauka, aikin ya koma gona: shuka, noman fari, maimai, daga asuba har rana ta take. In kaka ta yi, ga yankan gero, ga cirar gyaɗa, ga kakkaɓar riɗi. Wannan duk neman halal ne, kuma da shi ake ci da gidaje a ƙananan hukumomin nan huɗu.

A cikin wannan gumin ne wani zai matso kusa da saurayi ya ce masa, ungo wannan, kora da shayi, yau ba za ka ji komai ba. Ya sha, kuma da gaske bai ji komai ba. Ya yi aikin mutum biyu, ya karɓi kuɗin mutum biyu, aka yaba masa. To ina laifi?

Ga inda laifin yake. Ƙwayar nan ba ta ƙara wa jiki ko ƙwayar gero ta ƙarfi. Abin da take yi shi ne ta hana ƙwaƙwalwa jin ciwo da gajiya, alhali tsoka tana nan tana gajiya, gaɓoɓi suna nan suna cinyewa, ruwan jiki yana ƙarewa. Ƙarfin da yaron ya ji rance ne ya ci daga lafiyarsa ta gobe, kuma rance ne mai ruwa: yau guda ɗaya ta ishe shi, bayan 'yan makonni sai biyu, bayan 'yan watanni sai huɗu. Ranar da zai gane, kuɗin ƙwadagon duka a wurin mai ƙwaya suke ƙarewa, kuma ba don ya yi aikin mutum biyu yake sha ba, don dai ya iya tashi daga kan tabarma ne.

Kada wani ya ɗauka ƙaramin abu muke magana a kai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun yi bincike a faɗin Najeriya, aka fitar da sakamakonsa a watan Janairu na 2019. Sun gano cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, ban da taba da giya. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin kowane bakwai, adadin da ya ninka na duniya fiye da sau biyu. Miliyan 10.6 tabar wiwi suke sha. Miliyan 4.6 magungunan kashe ciwo irin su tramol. Miliyan 2.4 maganin tari mai kodin. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kashi 12 cikin ɗari ne, wato kimanin mutum miliyan 3, kuma maƙwabciyarmu Kano, inda muke saro kaya, tana da kashi 16. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Cikin kowane biyar, ɗaya abin ya riga ya zame masa cuta, ba ya iya dainawa sai da taimako.

Sunan jiharmu ma ya fito fili a wannan magana. A watan Oktoba na 2017, a zauren Majalisar Dattawa, an ambaci Kano da Jigawa, aka ce ana shanye kwalbar kodin sama da miliyan 3 a kullum a jihohin biyu. A ƙarshen watan Afrilu na 2018 BBC ta nuna wani bincike a kan yadda maganin tarin ke fita daga kamfanoni ta bayan fage ya faɗa hannun matasa. Ranar 1 ga Mayu Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Mataki ne mai kyau, amma me ya biyo baya? Kwalba ta yi tsada, masu sha da yawa suka koma wa wasu ƙwayoyin. Haka aka yi da tramol. Da Indiya ta tsaurara dokar fitar da shi a 2018, sai 'yan kasuwar mugunta suka ɓullo da wani haɗi mai irin aikinsa, ana sayar da shi da sunaye irin su Tafrodol. A watan Fabrairu na 2025 aka fallasa wani kamfani a birnin Mumbai da ke turo shi Afirka ta Yamma, sannan Indiya ta haramta haɗin. Darasin a bayyane yake: in an toshe ƙwaya ɗaya ba a magance ƙishirwar mai sha ba, wata ce za ta maye gurbinta.

(Gajeren kiɗa)

MAI GABATARWA: Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, muna magana a kan shaye-shaye a ƙasar Gumel. Yanzu bari mu ɗauki abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya, mu fara da waɗanda asalinsu magani ne na asibiti, domin su ne suka fi yaudarar mutane. Mutum zai ce, ai magani ne, a kemis ake sayarwa.

Tramol magani ne na ciwo mai tsanani, likita ke rubuta shi, na kwanaki ƙididdigaggu. Wanda hukumar kula da magunguna ta NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, kuma ko a gadon asibiti ba a wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa kuwa mai 200 ne, ko 225, ko 250. Guda biyu kawai sun kai ko sun zarce iyakar yini guda, ga kuma mai haɗiye huɗu a tashi ɗaya. Illarsa ta farko jijjiga ce irin ta farfaɗiya. Saurayi lafiyayye yana tsaye sai ya yanke jiki ya faɗi, yana kumfar baki. A gida sai a ce iska ce ta taɓa shi, a shiga neman hayaƙi da rubutu, alhali abin da ya kayar da shi yana cikin aljihun wandonsa. Ku yi tunanin wannan jijjigar ta kama ɗan acaɓa da fasinja a bayansa, ko direba a kan hanyar Gumel zuwa Kano, ko mai jan ruwa a bakin rijiya. Illa ta biyu ita ce rage numfashi. Mutum ya kwanta barci yana wani irin munshari, numfashin yana ja baya, har ya tsaya. Haɗarin yana ninkuwa in an haɗa tramol ko kodin da ƙwayar barci ko giya.

Ƙwayoyin barci su ne diyazifam, wanda samari ke kira D5, da kuma roci. Suna kashe jiki, suna kawar da kunya da tsoro, roci kuma tana shafe tunani. Shi ya sa yaro zai zagi mahaifinsa ko ya ɗaga wa abokinsa wuƙa da dare, gari ya waye yana rantsuwa bai san an yi ba. Akwai Exol, wanda aka yi don masu ciwon karkarwar jiki da masu shan wasu magungunan ƙwaƙwalwa. Mai lafiya in ya sha, baki ya bushe, ido ya yi dishi-dishi, ya riƙa gane-gane, kuma ƙwayar tana hana zufa fita, abin da ke iya halaka mutum a zafin bazararmu. Akwai allurar fenta, wadda ke barin gyambon da ba ya jin magani a cinya da damtse, kuma in ana karɓa-karɓa da sirinji ɗaya, ƙofar ƙanjamau da ciwon hanta ce a buɗe.

Akwai kuma wani nau'in da ba a sa shi a lissafin shaye-shaye, amma yana cin mutane a ɓoye, har da dattawan kirki masu sallah a sahun gaba. Shi ne haɗin da ake karɓa a kemis ko a wurin mai tallan magani a faranti: ƙwaya biyar ko shida a ƙullin leda, a ce maganin ciwon jiki. Yawanci akwai diklofenak ko ibuprofen a ciki, wani lokaci duka biyun. Shan su kullum yana huda ciki ya kawo gyambon ciki da aman jini, yana kuma lalata ƙoda, musamman ga wanda ke aiki a rana ba ya shan isasshen ruwa. Ko farasitamol da muke rainawa, babban mutum in ya wuce guda 8 masu miligiram 500 a yini, hantarsa yake kashewa. Iyayena mata da ƙannena 'yan mata, ku ma ga taku: ƙwayar ƙiba da ake sha kafin biki, wadda ake kira sha-ka-fashe. Kumburin da take kawowa ruwa ne da kitse a fuska da ciki, a bayansa kuma akwai hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi.

Sai taba sigari, wadda doka ta bari a sayar, kuma ita ce makarantar farko ta mafi yawan masu shaye-shaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa kunna kara ba, hayaƙin wani suka shaƙa, wato matar gida da 'ya'ya. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara. Mai tebur, ka ji. Shisha da samari ke ɗauka ado ce, ita ma taba ce, ƙamshin 'ya'yan itacen da aka sa mata bai rage mata dafi ba. Giya kuwa, addininmu ya haramta, shari'ar jiharmu ta hana, kuma a shekarar 2019 kaɗai ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya.

Game da haramtattu, wiwi ce kan gaba. Masu shanta suna cewa ganye ne, Allah ne ya halicce shi. Zaƙami ma ganye ne, kuma duk mun san abin da yake yi wa wanda aka zuba masa a zoɓo a gidan biki. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Yaron da ya fara wiwi yana ɗan shekara 14, ƙwaƙwalwar da ba ta nuna ba yake wa illa: karatu ya ƙi zama, zuciya ta mutu, wasu kuma ta buɗe musu ƙofar taɓin hankali, su riƙa jin muryoyi suna zargin kowa. Sholisho, wanda aka yi don facin taya, yana iya tsayar da zuciyar yaro nan take, ko da ranar ce ya fara shaƙa. Madarar sukudai sinadarin masana'anta ne, ba a yi shi don cikin mutum ba. Akuskura kuma, da ake sayarwa a 'yan kwalabe da sunan maganin gargajiya, a 2022 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta yi gargaɗi a kansa bayan an ga yadda yake kayar da mutane suna shure-shure a ƙasa.

(Gajeren kiɗa)

MAI GABATARWA: To daga ina kayan nan suke zuwa? Da yake muna bakin iyaka, mun saba ɗora wa iyaka laifi. Mutanen wannan gefe su ce daga Nijar ake shigowa da su, na can gefe su ce daga Najeriya. Gaskiyar ita ce babu masana'antar tramol a Maigatari, babu a Magarya ta Nijar. Yawancinsa daga Indiya yake tasowa a jirgin ruwa, ya sauka a Legas ko Kwatano ko Lome, ya hau mota ya yo arewa, wani ya tsaya a garuruwanmu, wani ya wuce Agadas har Libiya. Wiwi kuwa a dazukan Ondo da Edo da maƙwabtansu ake noma mafi yawanta. An rufe iyakar Maigatari daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Kasuwa ta ji jiki, 'yan dako sun ji jiki. Ku tambayi kanku, a watannin nan ƙwaya ta ɓace daga unguwanninku?

Hukuma tana nata ƙoƙarin. An kafa NDLEA a 1989, kuma tun watan Janairu na 2021 Janar Buba Marwa mai ritaya ke jagorantarta. Dokarta ta tanadi hukuncin da ya kai ɗaurin rai da rai ga masu safarar miyagun ƙwayoyi. A Kano, a watan Fabrairu na 2024, an tashi dillalan magani daga Sabon Gari aka mayar da su cibiyar Dangwauro, inda za a iya sa ido a kan abin da ke shiga da fita. Ga 'yan sanda, ga kwastan, ga Hisba. Amma jami'in da aka turo daga Dutse bai san lungunanmu ba. Wanda ke sayar wa yaranmu ƙwaya ɗaya-ɗaya a cikinmu yake zaune, an san gidansu, an san mahaifinsa, ana gaisawa da shi a masallaci.  Mu ne muke yin shiru don kada a ce mun tona asirin ɗan wane.

A nan ne nake so mu raba abu biyu da muka saba haɗawa. Mai sayarwa mai laifi ne, wurinsa gaban alƙali. Wanda abin ya kama kuwa majinyaci ne, wurinsa gaban likita. Mu kuwa sau da yawa juyawa muke yi: mai sayarwa a kira shi Alhaji, mai sha a kira shi ɗan iska a kore shi daga gida.

Me ya sa na ce majinyaci? Domin wanda jikinsa ya saba da tramol ko kodin, in ya yini bai sha ba, sai hamma, sai zufa, hanci na zuba, ciki na murɗawa, gudawa, gaɓoɓi kamar ana sara, barci ya ƙaura, gaba na faɗuwa. Wannan azabar ce take mayar da shi, ko da ya yi rantsuwa da Alƙur'ani jiya. Wanda ya daɗe a kan diyazifam ko roci ko giya kuwa, in ya yanke lokaci ɗaya, jijjiga na iya kama shi har ta kai ga rasa rai. Saboda haka a hannun ma'aikatan lafiya ake dainawa, su ne suka san yadda ake ragewa sannu a hankali.

Baba, Inna, ga alamomin da za ku lura da su. Yaro ya canza abokai, ya daina cin abinci tare da 'yan'uwansa. Barcinsa ya juye, dare ido biyu, rana kwance. Magana tana jan baki, tafiya tana tangaɗi. Fushi ba dalili. Kuɗi ko awo ko kaji suna ɓacewa a gida. Fankon ƙwaya a aljihu ko ƙarƙashin katifa. In kun ga haka, kada ku tara masa jama'a, kada ku yi masa baki. Bakin uwa ba ya cire ƙwaya daga jini, sai dai ya ƙara masa dalilin sha. Ku bari sai yana cikin hayyacinsa, wanda ya fi jin nauyi a gidan, kawu ne ko yaya, ya zauna da shi su biyu, ya tambaye shi me yake sha, tun yaushe, me ya kai shi. Daga nan sai asibiti. Ku fara da asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Gumel. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko na Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hukumar NDLEA ma tana da masu ba da shawara, da layin waya na kyauta dare da rana: 0800 1020 3040. Zan maimaita: 0800 1020 3040.

Abu biyu nake roƙon ku guje musu. Na farko, mari da sarƙa da bulala. Mun ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutum sama da 300 daga gida ɗaya, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, sannan aka sake ganin irinsa a Daura wata guda bayan nan. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya, suna biyan kuɗi. A watan Janairu na 2023 an sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tabbatar wa irin waɗannan majinyata haƙƙin a kula da su cikin mutunci. Addu'a da nasihar malamai suna da babban matsayi, a haɗa su da magani. Na biyu, a daina cewa a yi masa aure zai shiryu. Aure ba asibiti ba ne. 'Yar mutane ake jefawa cikin wahala, a wayi gari majinyaci ɗaya ya zama gida guda. A yi magani tukuna.

Haka in mace ce abin ya kama. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin mata ake kaiwa asibiti, saboda gudun abin kunya. Da yawansu kuwa baƙin cikin zaman gida ne, ko rashin barci, ko ciwon da aka yi wa magani ba bisa ƙa'ida ba, ya kai su ga kwalba. Maigida, kafin ka rubuta takarda, ka kai ta ga likita.

In kuwa kun tarar da mutum ya sha ya faɗi, ku kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada ku ɗura masa madara ko manja ko ruwa, domin huhu za su tafi. In yana jijjiga, kada ku cusa masa cokali a baki, ku dai kawar da abin da zai ji masa rauni. Ku garzaya da shi asibiti, ku tafi da fankon abin da ya sha, ku gaya wa likita gaskiya.

(Gajeren kiɗa)

MAI GABATARWA: Jama'a, malamanmu sun karantar da mu cewa hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare, tare da addini da rai da zuri'a da dukiya. Kayan maye su kaɗai suna iya rusa duka biyar ɗin a gida ɗaya. Sun kuma karantar da mu cewa haramcin giya mataki-mataki ya sauka, har aka rufe ƙofar a Suratul Ma'ida. Hukunci ya tabbata, babu sassauci a cikinsa, amma akwai darasin tarbiyya a nan: raba mutum da abin da jikinsa ya saba da shi yana son haƙuri. Wanda ya daina wata uku ya sake zamewa, kada a ce ya gagara. A sake kama hannunsa a koma asibiti. Da yawa daga waɗanda suka rabu da abin har abada sai da suka faɗi suka tashi.

Yanzu kowa ga nasa. Mai gona da uban lodi, in ka saya wa yaran aikinka ƙwaya don su gama maka da wuri, ribar da ka ci lafiyar ɗan wani ce. Ka ba su ruwa da abinci da hutun tsakar rana, ka biya su haƙƙinsu. Mai kemis, ka san maganin da lasisinka ya yarda ka sayar, kuma ka san yaron da ke zuwa kullum da yamma ba tari yake yi ba. Shugabannin tasha da na kasuwa, da sarakunan sana'a, kuna da ikon hana tallan ƙwaya a inda kuke iko, kuma kun san masu yi. Ɗan siyasa, duk wanda ya ba matasa kayan maye don su yi masa banga, ya sani bayan zaɓe a garin za su zauna tare da 'ya'yansa. Malaman makarantun boko da na allo da na Islamiyya, har zuwa Kwalejin Ilimi ta Gumel, ku yi wa yara bayanin abubuwan nan da sunayensu kafin abokai su riga ku. Limamai, a sa maganar a huɗuba, a haɗa tsoratarwa da nuna hanyar asibiti. Masarautarmu kuma, a ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Gumel Alhaji Ahmed Muhammad Sani, Allah ya ƙara masa lafiya, tana da tsarin da ya kai kowane lungu, daga hakimai zuwa dagatai da bulamai da masu unguwanni. Ta nan talaka zai iya kai rahoton mai sayarwa ba tare da ya tsaya shi kaɗai ba. Gwamnati kuwa muna kira gare ta da ta kusanto da wurin jinyar masu shaye-shaye ga mutanen wannan yanki, ta kuma buɗe wa matasa hanyoyin sana'a na rani, domin wanda ya warke ya dawo zaman banza, majalisar da ya baro tana nan tana jiransa.

Kai kuma ƙanena da kake sauraro, wanda ka san da kai ake, ban zo in zage ka ba. Na san ba da niyyar lalacewa ka fara ba. Ka fara ne don ka yi aiki, ko don ka yi barci, ko don kada abokai su raina ka. Abin da ya kama ka yana da magani, kuma akwai waɗanda suka fi ka nisa suka dawo, yau suna riƙe da gidajensu. Ka zaɓi mutum ɗaya da ka yarda da shi, ka gaya masa gaskiya a yau, ka ce ya raka ka asibiti. Ka nisanci majalisar da ake sha, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kwanakin farko akwai wuya, ba zan ɓoye maka ba, amma suna wucewa.

Masu sauraro, kafin mu sake haɗuwa, kowane magidanci ya zauna da 'ya'yansa maza da mata ya yi musu wannan magana da bakinsa, ya kuma duba magungunan da ke ajiye a gidansa, wanda ba likita ne ya rubuta ba a rabu da shi. Wanda ya san gidan da ake fama da majinyaci irin wannan, ya je ya gaishe su, ya gaya musu inda ake samun taimako.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a guminmu. A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)